Tsamin Garkar Alƙasum

Shekarar da itatuwan lemun Alƙasum suka sake yin 'ya'ya, shekara biyar ke nan da binne shi, kuma matarsa Hajaratu ce ta fara ɗanɗanawa. Ta zaɓi wanda ya fi kowanne ja, ta yi bisimilla, ta ɓare shi a tsaye a gindin itacen, ta jefa ɓari guda a baki. Sai da idonta ya kawo ruwa. Ta tofar, ta dubi lemun, ta dubi itacen, kamar mai neman wanda ya musanya mata. Ta tsinki na itace na biyu, shi ma haka. Na uku ya fi na biyu mugunta, don shi har da ɗaci a bayan tsamin. Kafin ta kai na bakwai haƙoranta sun mutu, ko harshenta ba ta so ya taɓa su.

Wanda bai san garkar ba zai ce mene ne abin tashin hankali a lemu mai tsami, ai kasuwa cike take da shi. To, waɗannan itatuwa ba haka aka san su ba. Wani Anasara ne, cikin masu mulkin Tawa na wancan lokaci, ya sa aka kawo su a mota daga kudu suna 'yan ƙanana, aka dasa su a fadamar bayan gari kusa da wata rijiya mai ruwan daɗi. Alƙasum shi ne mai kula da garkar, wato lambun, shekara goma sha uku yana ba su ruwa safe da yamma. Da aka sami 'yancin kai Anasara ya ɗaure kayansa ya tafi, ba wanda ya ce wa Alƙasum ga garka an ba ka, ba kuma wanda ya ce masa fita, sai ya ci gaba da jan gugarsa. Lemun nan kuwa zaƙinsa ya zaga gari. Mai ciki in ta yi kwaɗayi shi ake nemo mata, mara lafiyan da ya ƙi abinci shi ake matsa masa. A ƙasar Adar, inda dutse ya fi itace yawa, wannan ba ƙaramin abin alfahari ba ne, kuma Alƙasum ya yi alfaharin har ya wuce kima.

Wuce kimar nan ce ta haɗa shi da Hajaratu. Shekara ashirin da biyu suna tare, tun da garkar nan ta shigo rayuwarsu ba ta ƙara ganin ya kwana a wani gari ba, wai itace ba ya jiran mutum ya dawo daga biki. A ƙarshen sanyin shekarar da ta bi 'yancin kai aka sa ranar auren ɗiyar wanta a Bambeye. Ta roƙe shi ya raka ta ko na kwana biyu ne, don danginta sun fara tambaya ko mijin nata gurgu ne. Ya ce to. Ranar tafiya da safe, jaki na ɗaure a ƙofa, sai ga shi ya dawo daga garka da kwandon lemu a ka. Ya ce ta kai musu wannan a madadinsa, zafi ya fara, in ya bar itatuwan kwana biyu sabon furen zai zube.

Hajaratu mace ce mai haƙuri, amma irin haƙurin da in ya ƙare ba ya barin saura. Ta ture kwandon da ƙafa, lemu ya watse a tsakar gida. Ta ce masa tunda itatuwan ne danginsa, su yi masa tuwo, in ya kwanta ciwo su yi jinyarsa, in ya mutu su yi masa takaba. Ya durƙusa yana tsince lemunsa ɗaya ɗaya, ita kuwa ta hau jaki ta tafi ko sallama babu. Tana can sanƙarau ya shiga Tawa. Ya kama Alƙasum a bakin rijiya ran Talata, ran Alhamis aka binne shi, ɗan aike bai isa Bambeye ba sai ran Juma'a. Maganar ƙarshe da ya ji daga bakinta ke nan, kuma ba ta sami damar ce masa ya yafe mata ba.

Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ta fita, amma ƙafarta ta ƙi hanyar garka. Wanta ya zo ya tafi da ita Bambeye, ta yi damina biyu a can. Garka ta zama ba mai ita. Shingen ƙaya ya faɗi, awakin unguwa suka mai da ita gidansu, suka ci ganye, suka ɓare ɓawon rassa, rani ya ƙarasa abin da suka rage. Da Hajaratu ta dawo ta yi ƙarfin hali ta leƙa, sai ta tarar da abin da ya ba ta tausayi da mamaki tare. Saman itatuwan duk ya lalace, rassa sun bushe, waɗanda ke da sauran rai 'yan ganyensu rawaya ne ƙanana. Amma daga can gindi, dab da ƙasa, wasu sababbin rassa sun ɓullo, miƙaƙƙu, kore shar, masu dogayen ƙayoyi, har wasu sun kai ƙirjin mutum.

Ita ɗiyar manoma ce, tun tana da shekara bakwai take bin uwarta cirar hatsi. A gona ba a shawara a kan wannan: in shuka ta fito da yawa a rami ɗaya, ka cire raunana ka bar masu ƙarfi. Ta aro gatari, ta sare duk wani tsohon reshe mai ciwo, har da kututturen da ya bushe rabi, ta bar sababbin nan su sha iska. Ta sa aka yashe rijiya, ta jawo ƙaya ta gyara shinge, ta kwaso takin awakin da suka yi ɓarnar ta zuba wa itatuwan. Shekara uku tana jan guga har hannunta ya yi kanta. A ranta wannan ita ce tubarta, tunda itatuwan da ta zaga ne take yi wa bauta. Suka yi kyan da ko a hannun Alƙasum ba su yi ba, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Ta sa rai cewa ran da suka yi 'ya'ya za ta san an karɓi tuban. Ga 'ya'yan sun zo, kuma ko jaki ba zai ci su ba.

Ta ƙunso uku a bakin zane ta nufi gidan Maimuna, ƙanwar marigayin, wadda ke sayar da ganda da naman kai a bakin tashar mota. Maimuna ta ɓare ɗaya ta lasa, fuskarta ta tattare wuri guda.

"Matar yaya, wanga daga ina?"

"Daga garka."

"Wace garka?"

"Garka nawa gare mu, Maimuna?"

Maimuna ta ajiye lemun nesa da ita, ta goge yatsunta a zane.

"Ni ba ni son in hwaɗi," in ji ta, sannan ta faɗa. "Icce guda na, rijiya guda ta, ƙasa ba ta sake ba. To mi yas sake? Mai su na yat tahi da hushi. Ke kin san abin da kinka ce mashi, mu ma mun sani, katangarku ba ta da tsawo. Wanga tsami ba na lemu na ba, zuciyar yaya ta."

"Amma na ba su ruwa, Maimuna. Shekara ukku."

"Icce kinka ba ruwa. Shi mi kinka ba shi?"

Abin da Hajaratu ta shekara biyar tana tsoron ta faɗa wa kanta, yau an faɗa mata shi a fili, kuma daga bakin jininsa. Ba asarar lemu ce ta dame ta ba. Abin da ya hana ta sakat shi ne ko mijinta ya shiga kabari yana riƙe da ita a zuciya, kuma in haka ne, ta ina ake bi a ba mamaci haƙuri.

Kafin mako ya zagayo zance ya cika unguwa, kuma kowa da irin tasa fatawar. Liman ya ce matattu ba su da hannu a kan itace, ta yi wa mijinta addu'a da sadaka ta bar zancen mata. Ta ji daɗin wannan har na yini guda, sai da ta tuna liman bai gaya mata abin da ya sa lemun ya yi tsami ba. Wani tsohon soja da ya yi wa Anasara yaƙi ya ce zaƙin nasu ne, da shi suka zo, da shi suka koma, a jira a gani, har gidan waya ma haka zai yi. Wata tsohuwa ta ce rijiyar ce ta tashi kanwa. Hajaratu ta ɗebo ta sha, ruwa lafiyarsa lau. Har wani matashi ma'aikacin gona ya zo a kan keke, ya tsaya daga bayan shinge don kada ƙaya ta yage masa wando, ya yi rubutu a ɗan littafi, ya ce zai dawo da shugabansa. Ko shi ko shugaban ba a sake ganin ƙeyar ɗaya ba.

Da ta rasa ta kamawa sai ta kama duka. Kowace Juma'a ta toya waina ta rabar. Ta samo dunƙulen sukari irin wanda Buzaye ke fasawa a shayi, ta binne a gindin babban itacen, tururuwa suka gode mata. Ta zuba nono a gindin wani, kare ya zo ya tone. Wata rana da hantsi ta tsinci kanta a durƙushe tana ba itace haƙuri da baki, sai kunya da tsoron Allah suka kama ta tare, ta miƙe tana istigfari tana waige ko wani ya gani. Daga ƙarshe ta ɗora wa kanta wani abu da ba wanda ya ɗora mata. Kowace safiya kafin ta karya sai ta ɓare lemu guda ta cinye shi tas, da tsaminsa da ɗacinsa, tana hawaye. A ganinta in fushinsa ne, to ita ya kamata ta haɗiye shi.

Lemu guda a rana ba ya rage wa itace bakwai komai. 'Ya'ya suka riƙa zuba, ta riƙa sharewa tana tarawa a bayan shinge, tunda ba mai son a gan shi yana ɗaukar abin da unguwa ta sa wa suna lemun fushi. Sai dai tarin nan ya ƙi girma. Ta zuba da yamma, da safe ta ga ya ragu, alhali awaki ko sansanawa ba sa yi. Wannan ma ya ƙara rikita ta, har ta fara tunanin abubuwan da ba su kamata mai salla ta yi tunani ba.

Ran wata kasuwa ta biya ta tasha don ta gai da Maimuna. Ta tarar da layin direbobi da 'yan kamasho a gaban tukunyarta, kowa da kwanonsa. Ta zagaya ta bayan rumfa don ta zauna a inuwa, sai ga ɓawon lemu tuli guda a cikin toka, mai kauri, mai ƙurzunu, wanda ko cikin barci za ta gane shi.

"Maimuna."

Maimuna ta waiwayo, ta ga inda idon matar yayanta yake, ba ta ko ƙifta ba.

"To, kin gani. Tsamiya ba ta zaka ba bana daga kudu, mi kika so in yi? Naman tsohon raƙumi da a da nika hura ma wuta yini guda, in na jiƙa shi da ruwan wanga da sahe, kahin azahar ko marar haƙori na cin shi. Kayan ciki in na wanke da shi, ƙarni ya tahi. Ba ni ɗai ba ta. Zainabu matar mahauci da shi taka dama kunu, da shi taka kwaɗon zogale. Ɓawon ma Buzayen kasuwa na roƙo, wai su shanya su jefa cikin shayi. Dibi tasar ga, da shi da toka nid darje ta."

Ta ɗaga tasar, tana ƙyalli kamar ranar da aka sayo ta.

"Ke kinka ce zuciyar yayanki ta," in ji Hajaratu a hankali.

"Ita ta mana. To don zuciyatai ta sai a bar ta ta ruɓe ƙasa?"

Kafin Hajaratu ta samo abin cewa, Maimuna ta tura mata ƙoƙon kunu a hannu. Ta so ta ƙi, amma ƙishirwa ta fi ƙarfin fushi, ta kurɓa. Kunun ya yi daɗin da ya ba ta haushi. Tsaminsa ya fi na tsamiya wartsakar da baki, ga wani ƙamshi na bin hanci, irin wanda ke tashi a garka lokacin fure. Ta shanye, ta zauna riƙe da ƙoƙon tana lissafin da ya ƙi fita. In fushi ne, me ya sa yake wa kowa daɗi a tukunya? In ba fushi ba ne, me ya sa yake kashe mata haƙora kowace safiya? Ko dai ita kaɗai aka yi wa fushin, sauran gari aka yi musu kyauta? Ta koma gida da wannan na ƙarshen, don shi ya fi kama da halin Alƙasum, mutumin da bai taɓa hana baƙo lemu ba.

Daga ranar ta daina zuba lemun a bayan shinge, ta riƙa ajiye shi a kwando a bakin ƙofar garka, mata suna ɗiba ido na ganin ido. Ita dai ba ta taɓa sa shi a tukunyarta ba. Nata ɗanye take ci, kuma da shekara ta zagayo itatuwan suka sake zubo wani mai tsamin, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

A cikin sanyin wannan shekara ta biyu, wata Lahadi da hantsi tana jan guga, wani dogon Buzu ya yi sallama a bakin shinge. Sai da ya sassauta rawaninsa ta gane shi. Rissa ne, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana ja wa Alƙasum ruwa, ya koma wajen danginsa a arewacin Takanamat tun makon da aka yi rasuwar. Ya kawo raguna kasuwa, ya ce bari ya zo ya yi gaisuwar da ta makara shekara shida. Suka yi gaisuwar, suka yi wa mamaci addu'a, ta ba shi ruwa ya sha. Sannan ta tsinko lemu ta miƙa masa ba ta ce komai ba, don ta gaji da bayani.

Rissa bai ko ɓare shi ba. Ya shafa ɓawon da babban yatsa, ya sansana, ya tsinki ganye guda ya duba wajen da ya kama reshe, inda wasu 'yan kunnuwa biyu suka fito. Sai ya durƙusa a gindin itacen ya shiga tone taki da hannu.

"Uwargida, ina gwiwar?"

"Wace gwiwa?"

"Kowane icce nan yana da gwiwa, taƙi guda bisa ƙasa, wuri mai kumburi." Ya ci gaba da tono har ya kai ga wani baƙin kututture da ya fara ruɓewa a tsakanin sababbin rassan. Ya ɗora hannu a kai. "Ga ta. An sare daidai bisanta."

Ya koma na biyu, ya koma na uku, har na bakwai, Hajaratu na binsa a baya da igiyar guga a hannu, ta ma manta tana riƙe da ita. Da ya gama ya zauna a bakin rijiya ya yi mata bayani a hankali, da Hausarsa mai ɗan karkata.

"Kowane icce da kika gani nan, icce biyu na. Waɗanda anka kawo cikin mota, masu tsami na tun asali. Su ka jure rani, su ka jure gara, ba su mutuwa da sauƙi. Da sunka shekara biyu sai Anasara yak kawo rassan mai zaƙi cikin jiƙaƙƙen buhu. Sau guda yag gwada ma abokina, girefe shika ce ma abin. A tsaga ɓawon mai tsami, a sa idon mai zaƙi ciki, a ɗaure. Sauran duk abokina yay yi da wuƙatai, ni ka riƙe mashi zare. Daga gwiwa zuwa bisa zaƙi, daga gwiwa zuwa ƙasa tsami. Na ƙasan kullum shina son shi hito shi ƙwace. Shi yas sa kullum da sahe abin da abokina ka hwara yi, shi bi gindi shi tsinke tohon da farce tun shina ƙarami."

Hajaratu ta tuna. Sau nawa ta kawo masa fura ta same shi a tsugune a gindin itace yana tsinkar wani abu, ta ɗauka tururuwa yake kashewa, ba ta taɓa tambaya ba don ta tsani a yi mata zancen garka.

"In an bar icce ba mai kula," Rissa ya ci gaba, "na bisa shi raunana, na ƙasa shi tashi da ƙarhi. In na bisa na da sauran rai, ana ceto shi. Wa yas sare su?"

"Ni."

Rissa ya ɗago ya dube ta.

"Awa hatsi," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. "Na cire raunana, na bar masu ƙarhi."

"Ga hatsi daidai na," ya ce, don mutum ne mai kunya, kuma ba shi da abin da ya fi wannan.

Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Abu biyu suka taso mata lokaci guda, ta rasa wanda za ta fara ji. Na farko sanyi ne, ashe ba fushin kowa ba ne, ashe shekara guda tana kashe haƙoranta a banza. Na biyu ya zo ya danne na farkon. Rassan nan masu ganye rawaya da ta sare ta haɗa wuta da su ta dafa tuwo, su ne aikin hannunsa, su ne kaɗai abin da ya bari a duniya da wuƙarsa. Abin da ta shekara uku tana shayarwa kuwa shi ne abin da ya shekara goma sha ɗaya yana tsinkewa. Ta tambayi Rissa ko zai iya sake ɗaura mai zaƙin. Ya ce shi zare kawai ya iya riƙewa, kuma bai san inda za a sami idon ba yanzu.

Sai wani abu na uku ya zo, wanda ya fi sauran nauyi. Da, ko ba komai, tana ganin mijinta na yi mata magana kowace safiya, ko da maganar mai ɗaci ce. Yanzu an ce mata itace ne kawai.

"To Rissa, in ba hushi na ba, ya yahe mani ke nan?"

"Icce bai san wanga ba, uwargida."

"To wa yas sani?"

Rissa ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya sake saukar da shi. Ya ce akwai wani nauyi da ya daɗe yana ɗauke da shi, shi ne ma ya kawo shi, ba raguna ba. Shi ya ɗauko Alƙasum daga bakin rijiyar nan ran Talata ya kai shi gida a kafaɗa. Ciwon ba ya barin mutum ya yi magana, amma ran Laraba da la'asar ya ɗan farfaɗo, ya ba shi saƙo guda ya ce ya isar mata. Aka yi jana'iza ba ta iso ba, ayarin danginsa kuma na tashi da asubar Juma'a. Ya ce a ransa zai dawo bayan damina, lokacin ta fita takaba. Bayan damina dabbobinsu suka yi ciwo, suka yi arewa neman ciyawa, shekara ta bi shekara.

"Mi yac ce?"

"Yac ce ki riƙa cire na ƙasa, ki bar na bisa."

Hajaratu ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. Saƙon da zai ceci itatuwan duka, ga shi ya iso bayan an gama ɓarna. Ta jira ta ji sauran, Rissa bai ƙara ba.

"Shi ke nan? Bai ce ya yahe ba? Bai ce bai yahe ba?"

"Shi ke nan, wallahi. Ba ni ƙara mashi abin da bai ce ba."

Ta shiga juya maganar. Mai fushi yana barin wasiyya? Yana bari, in itatuwansa yake ji ba matar ba. Mai yafewa fa, ba zai faɗa da baki ba? Alƙasum bai taɓa faɗin irin wannan da baki ba ko yana da lafiya. Ta juya ta nan, ta juya ta can, duk inda ta juya maganar itace ce kawai. Can sai ta ɗago.

"Hwaɗa mani yadda yac ce. Ba ma'ana ba, bakinai nika so, kalma da kalma."

Rissa ya kau da kai, kunya ta kama shi, don akwai abin da ba ya kamata baƙo ya maimaita tsakanin miji da mata. Ta matsa masa. Ya gyara murya, ya dubi rijiya maimakon ya dube ta.

"Yac ce, ka hwaɗa ma Gajerata in ta komo, ta riƙa cire na ƙasa, ta bar na bisa."

Hajaratu doguwa ce, ta fi Alƙasum da tafin hannu guda, shi ya sa tun suna ango da amarya ya laƙaba mata wannan suna don tsokana. In ransa a ɓace yake Hajaratu yake cewa, cikakke, ko ya ƙi kiran sunan gaba ɗaya. Gajerata kuwa bai taɓa fita daga bakinsa ba sai suna cikin daɗi, in ta kawo masa fura ya hango ta daga nesa, ko in ta yi masa faɗa yana so ya sa ta dariya. Hawayen da suka zo mata ba irin na kowace safiya ba ne, kuma ba ta yi ƙoƙarin share su ba.

"Sake hwaɗi," ta ce.

Rissa ya sake faɗa.

"Sake."

Raguna na jiransa a kasuwa, rana ta fara zafi, amma ya gyara zama a bakin rijiyar ya faɗa mata a karo na uku.